Baffa da Takardar Gidan Mai Makulli

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma, kowa da sa'ar da aka rubuta masa. Baffana ya koma ranar Talata, tara ga watan Yuli, da hantsi, a kan kujerarsa ta katako, bayan ya sha shayi ya wanke kofin da kansa. Shekararsa tamanin da ɗaya. Inna, matarsa, ta ce ta shigo ta tambaye shi abin da za a ɗora, ta same shi zaune, hannu a kan gwiwa, tabarau a aljihu, kamar mai jiran a kira shi wurin likita. Aka yi masa sutura bayan azahar. Jama'a ta taru sosai, kuma kusan duk wanda ya buɗe baki abu ɗaya ya faɗa: Allah Ya jiƙan mai zanen gidan Mai Makulli.

Dangi suka ce in rubuta wani abu, tunda ni ce na ɓata shekaru a jami'a ina koyon rubutu a kan waɗanda suka mutu. Na karɓa. Akwai waɗanda suka fi ni cancanta, domin a duk zuriyarmu ni kaɗai na taɓa kiranka, Baffa, mai jabun tarihi, a rubuce, da lambar shafi. Zan zo kan wannan, Baffa. Ba na tsallake layi, kai ka hana ni.

Ga wanda bai san gidanmu ba, sai na ɗan yi bayani. Sarautarmu ita ce Mai Makulli. A da garin yana da ganuwa da babbar ƙofa, aka damƙa wa kakanmu na farko makullinta, ya rufe da faɗuwar rana, ya buɗe da asuba, wanda ya makara ya kwana a waje ko ɗan waye. Mutum goma sha ɗaya suka riƙe sarautar, wani lokaci daga uba zuwa ɗa, wani lokaci daga wa zuwa ƙane. Bakwai daga cikinsu sun rufe ƙofa da hannunsu. A zamanin na takwas aka rushe ta don a fitar da titi, yanzu shataletale ne a wurin, da allon tallan sabulu. Sarautar ko a jikinta. Ta ci gaba da wurin zamanta a fada, na shida daga hagu, da gaisuwarta, da rigimar gadonta, wadda ma ta ƙaru tun da aikin ya ƙare.

Abu biyu suka rage mana. Na farko makullin, yana cikin akwati, ba a fito da shi sai ranar naɗi. Na biyu takardar salsala, wadda ke rataye a babban falo cikin firam da gilashi, faɗinta ya kai rabin bango. Wanda sunansa ke jikinta ɗan gida ne, yana zama a taron dangi, ana iya sa shi a takarar sarauta, ana ƙirga 'ya'yansa. Maza ake rubuta wa suna. Mu mata ɗigo ake yi mana a ƙarƙashin ubanmu, kowace mace ɗigo ɗaya, don a san an haihu. Duk shekara goma ake sabunta takardar: manya su zauna su karanto sunaye, mai zane ya rubuta, a ƙona tsohuwar a bayan gida. Gidanmu ba ya korar kowa, wannan bai dace da 'ya'yan sarauta ba. Idan mutum ya yi abin da ba a so, sai a kai wurin sunansa a karatun a yi tari, a wuce.

Sau huɗu ka zana takardar nan. Shekara talatin da biyar ka yi kana zana taswira a ofishin filaye, kuma babu mai hannu irin naka a dangi. Rubutunka kamar an buga shi da inji, rassanka ba su taɓa hawa juna ba. Baƙi sukan tsaya a gabanta su manta da wanda suka zo gaisarwa.

Ku uku ne a ɗakinku: babban wanku, wanda shi ne Mai Makulli na yanzu, sai kai, sai Baba, mahaifina, autanku. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da aka naɗa babban wanku, ina da shekara uku. Ranar aka fito da makullin, aka bi da shi hannu-hannu a tsakanin 'yan'uwa, kowa ya taɓa ya miƙa. Baba mai walda ne, ƙarfe ba ya wuce hannunsa bai juya shi ba. Ya juya, ya matso da shi kusa da ido, ya ce da irin muryar wanda ya saba magana a cikin ƙarar injin, “Yaya, wannan ai da lamba a jikinsa. Na kanti ne.”

Na kanti ne kuwa. Na asalin ya ɓata tun lokacin da aka rushe ƙofar, kuma babu tsohon da ke falon da bai sani ba. Baba ya faɗi abin da kowa ya sani ne a ranar da aka taru musamman don a manta da shi. Aka ce ya ba da haƙuri. Ya ce zai ba da haƙuri a kan ɗaga murya, amma lambar ba shi ya buga ta ba. Shekara ta zagayo, lokacin sabunta takarda ya yi, mai zanen da ya gabace ka idonsa ya mutu, aka miƙa maka alƙalami. Aikinka na farko a gidanmu shi ne ka zana ɗakinku da 'ya'ya biyu, alhali uku mahaifiyarku ta haifa. Ka zana, kuma ya yi kyau.

Tun daga ranar Baba bai sake taka ƙofar babban gida ba, kai kuma ba ka fasa zuwa namu ba. Manya sun ce kada a je, sai ka riƙa biyowa ta lungun baya duk ranar Asabar, da jarida a hammata, kamar mai neman inuwa ya yi ɓatan hanya. Ku zauna a bakin shagon Baba ku yi hirar ƙwallo da tsadar ƙarfe. Yana kiranka Magatakarda, yana jan kalmar yadda za ta yi zafi, kana amsawa kamar sarauta aka ba ka. Ban taɓa jin ɗayanku ya ambaci takardar ba. Umma, mahaifiyata, ce ba ta iya irin wannan haƙurin. Shekara goma tana kawo maka shayi ba sukari, kana shanyewa kana godiya. Da ta huce ta fara sakawa, ka ce ta bari, ka riga ka saba. Ka rasu likitanka yana yabon yadda ka kame bakinka tun kana matashi, ba ka gaya masa wadda ta ɗora ka a hanya ba.

A waɗannan Asabar ɗin na koyi riƙe fensir. Kakan fito da reza daga aljihu, ka feƙe mini fensirai guda uku, ka jera su a kan benci, ka ce in ja layi daga nan zuwa nan ba tare da na ɗaga hannu ba. In ya karkace ba ka faɗa, sai ka miƙo wata takardar. Wata rana na ɗauki alƙalamin tawadarka, ka karɓe a hankali ka ce, “Ba yanzu ba. Tawada ta masu ofis ce. Fensir shi ne naki.” Na ɗauka maganar yara ce, na ajiye ta inda ake ajiye irinta.

Alherinka ga mutane na irin aikinka ne, ba ya da hayaniya. Akwai wata tsohuwa mai sayar da itace a bayan layinmu, mijinta ya rasu, maƙwabci ya wayi gari ya ga katangarsa ta matsa taku huɗu cikin filinta. Ba ka yi wa kowa wa'azi ba. Ka zo ranar hutunka da tef ɗin awo da tsohuwar taswira, ka wuni a rana kana bin turaku, maƙwabcin yana tsaye yana zufa, har ka tono ainihin dutsen iyaka a ƙarƙashin tulin yashinsa. Ka share shi da hankicinka, ka ce masa, “Ga shi nan, ashe yashi ne ya rufe maka.” Ya rushe katangar da kansa, kuma har yau yana gaya wa mutane yashi ne. Bayan ka yi ritaya ɗaliban zane sun riƙa kawo maka aikinsu, kana dubawa da jan fensir, kana mayar musu ba tare da ka ce ya yi ko bai yi ba. Sun ce in ka ba mutum ruwa kafin ya tafi, to ya ci.

Ni kuwa na girma a wajen takarda, ko ɗigo ba ni da shi. Na karanta tarihi, kuma da lokacin babban digiri ya zo ban yi nisa wajen neman abin bincike ba. Tsofaffin takardun an ƙone su, amma danginmu suna da wata ɗabi'a: duk aure, duk suna, a gaban firam ɗin ake ɗaukar hoto. Na bi gidaje na tattaro hotuna ɗari biyu da wani abu, na zauna da gilashin ƙara girma ina karanta bangon da ke bayan amare. Na jera takardun shekara hamsin, na ƙirga sunayen da suka shiga falo ba su fito ba. Goma sha tara na samu. Wani ya auri wadda ba a so, wani ya kai ƙarar gado kotu, wani kawai ya yi dariya a inda ba a dariya. Na kuma lura da wani abu a zanenka. Akwai gurabe, farar takarda a tsakiyar reshe, inda 'yan'uwa biyu suka yi nesa da juna ba dalili. A shafi na ɗari biyu da goma sha huɗu na rubuta cewa wannan alamar gaggawa ce, irin ta mai jabu da ke son ya gama ya wanke hannu. Na ji daɗin jimlar sosai lokacin da na rubuta ta.

Ranar da na kare kundin, shekara takwas da suka wuce, ka zo ba tare da na gayyace ka ba. Ka zauna a layin ƙarshe, kayanka sun sha guga, ka saurari malamai uku suna tattauna rashin amanarka cikin ladabi. Da aka tashi ka jira kowa ya gama yi mini murna, sannan ka matso.

“Nawa kika ce?”

“Goma sha tara, Baffa.”

“Ashirin da uku ne. Huɗu kan mutane ya rufe miki su a hoto.”

Na tambaye ka abin da na shekara talatin ina so in tambaya, me ya sa ka yarda. Ka ce, “In na ƙi, a ba wani. Wanin kuma zai matse layin.” Ka buɗe kundin, ka nuna mini cewa ma'aunin zanena na shafi na sittin ba daidai ba ne, ka ƙara da cewa a shekara talatin da biyar ba a taɓa dawo maka da aiki don gaggawa ba. Ka sa mini albarka ka tafi neman motar haya. Na fassara amsarka da tsoro, na kuma rubuta hakan a littafin ajiyata da yamma. Daga ranar dangi suka sa mini Dakta, Daktar da ba ta allura, kai kaɗai kake faɗinta ba tare da ka murguɗa baki ba.

Baba kullum cewa yake takardar ba ta dame shi ba. Ya faɗa sau da yawa har muka gane. A cikin durowar shagonsa, ƙarƙashin tsofaffin sandunan walda, akwai hoton aurensa da Umma, kuma ba don Umma yake ajiye da shi ba, domin fuskarta ta goge tun tuni. Bangon bayansu ne ya fito sosai, da takardar da sunansa ke jikinta. Bara zuciyarsa ta fara ba shi wahala, likita ya hana shi ɗaga ƙarfe, ya yi mana irin bayanin da likitoci ke yi suna kallon takarda. Muna zaune a layin asibiti wata safiya a farkon bana, sai ya ce, kamar mai tambayar farashin gawayi, “Bana ne ake sabunta abin nan nasu, ko?”

Na ce, “Me ya dame ka da shi?”

“Ni? Tambaya na yi.”

Shekararsa saba'in da huɗu. Ni da shi mun san in aka zana ta bana ba shi, ba zai ga ta gaba ba.

Wannan ya kai ni wurinka wata huɗu kafin rasuwarka, kuma ban zo da ladabi ba. Na ce ƙanenka yana mutuwa, ka je ka gaya wa babban wanku ya isa haka. Ka nuna mini hannunka yana rawa, ka ce bana ko layi ɗaya ba za ka iya ja ba, ka ce kai ba ka sa suna, ba ka cirewa, abin da aka karanto kake rubutawa. Na ce haka duk magatakardan duniya suke faɗa. Na tashi na bar shayin da Inna ta kawo mini ko kurɓa ban yi ba. Ka rako ni har bakin ƙofa kana tambayar ko motata ta daina zafi. Na sake ganinka sau ɗaya bayan nan, a wani suna, muka gaisa kamar ma'aikatan ofis ɗaya. Ina rubuta wannan ne don kada a ce ta'aziyyata ma an sabunta ta.

A babban gida aka yi zaman makokinka, saboda haka Baba ya shiga, karo na farko a shekara arba'in. Bai wuce bakin ƙofar falo ba. Ya zauna a can cikin baƙi, kusa da takalma, yana karɓar gaisuwar mutuwar wansa kamar maƙwabci. Mai Makulli yana can ƙurya a kan kujerarsa, shekara tamanin da shida, bai dubi ƙofa ba ko sau ɗaya, abin da ke buƙatar ƙoƙari sosai a falo mai ƙofa ɗaya.

A rana ta bakwai, da safe, manya suka ce tunda kowa yana nan a yi maganar wanda zai karɓi zane. Kafin a fara Inna ta kira ni gefe ta miƙo mini wani ƙunshi. Alƙalumanka ne a naɗe cikin tsumma, da rularka ta ƙarfe, da rezar, da ƙaramin sukundireba na kwance kusoshi, da 'yar takarda. Rubutun yana rawa amma layin a miƙe yake: “A ba Dakta. Ta kwance firam ɗin da rana, a gaban manya, ta kai takardar taga.”

Na karanta wa jama'a. Mai Makulli ya ce ba a taɓa sauke takarda ba sai ranar ƙona ta. Gwaggo, ƙanwar mahaifinku, wadda ta haura casa'in kuma ta daina jin tsoron kowa tun kafin a haife ni, ta ce wasiyyar mamaci ce, in yana da ja ya bi shi ya gaya masa. Babban ɗanka, Yaya mai kemis, ya taimaka mini muka sauke firam ɗin. Kusoshi takwas ne a bayansa, kowanne ka shafa masa mai, suka fito ba gardama. Muka ɗaga katakon, muka zare takardar, muka kai ta babbar tagar gabas, shi ya riƙe gefe ɗaya ni ɗaya, muka manna ta da gilashin.

Rana ta bi ta cikinta, guraben suka cika. A kowane farin wuri da na kira gaggawa akwai suna, launin toka, a daidai inda ya kamata ya zauna, da siririn layi da ya haɗa shi da ubansa. A bayan takardar ka rubuta su, da fensir, kuma a juye, daga dama zuwa hagu, yadda sai an haska ta gaba za su karantu daidai. Dabara ce ta masu taswira, da ita kuke ɗora sabon awo a kan tsoho. Muddin katako na bayanta babu abin da ake gani. Shekara arba'in manyan gidanmu suna ɗaukar hoto a gaban mutanen da suka manta. Duk sabuntawa sai ka kwashe su ka kai sabuwar takarda, ka bar musu wurinsu a gaba, in manya sun yi ƙorafin gurabe ka ce zane yana son iska.

Na ƙirga, don aikina ne. Ashirin da uku.

Gwaggo ta sa aka matso da ita ta fara bin su da sanda. “Wannan ai na kotu ne. Wannan mai dariya. Allah sarki, wannan ya rasu a hanyar kasuwa, ba wanda ya je.” Wata mata daga baya ta ga sunan mijinta ta fita waje. Mai Makulli ya ce a ɗaga shi. Aka riƙo shi har gaban tagar, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon ɗakinku, inda yanzu 'ya'ya uku suke a jere.

“Wa ya ba shi izini?”

Gwaggo ta ce, “Na gaya maka inda yake.”

Ban ga lokacin da Baba ya tashi daga bakin ƙofa ba. Sai ganinsa na yi a gefena, yana numfashi sama-sama, yana duban sunansa yadda yake duban walda, daga gefe, ido ɗaya a rufe. Ya ce, “Ya daidaita shi.” Daga nan shi da babban wansa suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa yana kallon taga.

Mai Makulli ne ya fara. “Har yanzu kana kan bakanka?”

“Lambar tana nan, Yaya. Huɗu, bakwai, biyu.”

“Bakwai, huɗu, biyu ne. Ko karatun ma ba ka iya ba.”

Baba ya juyo ya dube shi. Shi kuma ya gyara tabarau ya ce akwatin a ɗakinsa yake kwana, yana da ido kamar kowa. Sannan ya ce wa Baba ya zauna, tsayuwa ba ta yi masa kyau. Baba ya nufi bakin ƙofa, Mai Makulli ya ce, “Ba can ba. Nan.” Ya juyo gare ni: “Ke Dakta, tunda an bar miki kayan aiki, ki bi wannan da tawada. Sauran za a kafa kwamiti.”

A tsaye na yi shi, takardar tana manne da gilashi, rana tana nuna mini hannunka ina bi a kai. Ban taɓa riƙe alƙalamin nan ba tun ranar da ka karɓe shi. Harafi na uku ya ɗan zame. Baba, daga sabon wurin zamansa, ya ce, “Ya karkace.” Na ce na sani. Da kai ne da ka miƙo mini wata takardar.

Akwai abin da na gani a ƙarƙashin sunansa wanda ban nuna wa kowa ba. Ɗigo biyu ne na fensir, ni da ƙanwata. Ɗayan ya ɗan fi ɗaya girma. Ban sani ba ko da gangan ne ko bakin fensirin ne ya mutu. Abin da na sani, ban taɓa ganin ka rubuta komai da fensir marar tsini ba.

Ba zan mayar da kai jarumi ba, Baffa, za ka ce ma'aunin bai yi daidai ba. Tara daga cikin ashirin da ukun sun rasu ba su san kana riƙe musu wuri ba, kuma fensir a bayan takarda bai kai ɗayansu taron dangi ba. Da ka buɗe baki sau ɗaya a shekara arba'in, wataƙila da an karɓe alƙalamin, wataƙila kuma da Baba ya shiga falon nan da ƙafarsa mai ƙarfi. Ni ban san wanne ba, kuma ina jin kai ma ka yi ta auna shi ba ka samu ba. Abin da na sani shi ne na yi kuskure a shafi na ɗari biyu da goma sha huɗu. Na rubuta wa ɗakin karatu na jami'a a liƙa gyara, da adadin, da maganar gaggawa, da ma'aunin shafi na sittin.

Kwamitin ya zauna sau biyu, ya amince da sunan shugabansa. Takardar tana nan a taga, don Yaya mai kemis ya sa ta tsakanin gilasai biyu kafin a yanke shawara, ni kuma har yanzu ban tuna inda na ajiye kusoshin ba. 'Ya'yan sauran ashirin da biyun sun fara zuwa, ɗaya-ɗaya, da hantsi, lokacin da rana ke gabas. Baba ma yana zuwa duk Asabar, ta babbar ƙofa. Shi da Mai Makulli suna zama su yi gardamar ƙwallo, wadda babu mai fahimtarta a cikinsu kamar kai.

Allah Ya jiƙanka, Baffa, Ya gafarta maka abin da ka rubuta da abin da ka yi shiru a kansa, Ya yafe mini abin da na rubuta a kanka da shayin da na bari. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi, Ya sa littafinka a hannun dama, Ya sa sunanka cikin bayinsa da Ya yarda da su. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta san sirrin takardar tun daga farko ta kuma riƙe shi fiye da yadda gidanmu ya riƙe makulli, da Yaya mai kemis da ƙannensa, maza da mata, da jikokinka, da Gwaggo, da Mai Makulli, da Baba, wanda ya rasa wa guda ya samu guda a mako ɗaya, kuma ya ce in rubuta cewa canjin bai yi masa daidai ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.